Baffa da Fuskar Mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, yayan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwar ƙaninsa, ya koma ga Ubangijinsa a ƙarshen kakar bana, a gidansa da ke nan Dutse. Ina ofis aka kira ni. Na tuna na kashe kwamfuta, na mayar da kujera wurinta, na kulle ƙofa, na ma dawo na taɓa ta in tabbatar ta kullu. Daga nan na tuƙa mota zuwa gidan a hankali, ina ba 'yan adaidaita hanya. Har zuwa yau da nake wannan rubutu ban yi kuka ba. Ba dauriya ba ce. Abin ne bai zo ba.

Goggo, ƙanwarsa da ta zo daga wajen Miga, ita ta yi kukan da ya ishe mu duka. Tana shiga ta zube a tsakar gida tana kiransa da Fillanci, sai da aka yayyafa mata ruwa. Inna, matarsa, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta ta miƙe ƙafafu, carbi a hannu. Duk wadda ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce "Da godiya," da murya ɗaya, kamar mai amsa sallamar masu wucewa. Ni kuma aka ba ni aikin zuba ruwa a butoci, na yi ta zubawa.

Washegari wani dattijon direba daga tashar Ringim ya nemi a yi masa iso zai gaida Inna. Ya durƙusa a bakin zaure, ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya fara murza hularsa.

"Inna, wallahi abin kunya na yi yau," in ji shi. "Na taso tun da safe, na zo daf da gari, sai na tsaya a bakin wani famfo na wanke gaban motata tas. Na ce ba zan tsaya a ƙofar Malam da fuska duk ƙwari ba. Sai da na matse tsumma sannan na tuna ba zai gani ba."

Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Matan da ke wurin suka dube ta, ta sunkuyar da kai. Da na leƙa waje daga baya, na ga ba shi kaɗai ba ne. Motocin da suka jeru a layin, na haya da na ma'aikata, yawancinsu jikinsu da datti, amma gabansu a wanke.

An yi addu'ar uku, an naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Na ga yadda layin ya koma yadda yake da wuri, shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani game da shi, tun bai fara zube mini ba.

A ruga aka haife shi. Ya yi kiwo har ya zama saurayi, sannan wata shekara ciwo ya shiga garken mahaifinsu ya bar su da igiyoyi. Bai cika son zancen ba. Abin da yake faɗa kawai shi ne ya taka da ƙafa zuwa Ringim, ya kwana a tasha, ya koyi mota a hannun wani mai ɗaukar hatsi. Da Dutse ta zama babban birnin jiha ya samu aikin tuƙi a wata ma'aikata, a nan ya zauna har ya yi ritaya. Shanu sun bar shi, amma shi idonsa bai bar su ba. Yadda makiyayi ke duba hancin saniya da safe ya san ko ta kwana lafiya, haka yake zagayowa gaban mota ya tsuguna. Bamba yana ce mata haɓa. Ragar da ke tsakanin fitilu, wadda iska ke bi ta shiga ta sanyaya inji, ita ce hanci. Fitilu kuwa idanu.

"Mota da fuska take shiga gari," haka yake cewa. Wani lokaci kuma: "Duk abin da hanya ta jefo, fuska ce ke karɓa. Mazauna ciki ba su san an yi ba."

Bai taɓa buɗe wurin wankin mota ba, kuma bai taɓa karɓar ko sisi a kan wannan ba. Bayan ritaya yana zama a kan benci a ƙofar gida da rediyonsa, duk maƙwabcin da ya tsaya gaisuwa, kafin ya gama "Ina kwana" idon Baffa na kan bambarsa. Wasu suna jin daɗi. Wasu kuwa sun koma bin ɗaya layin. Akwai wani malamin jami'a da ya shafa wa robar bambarsa baƙin mai don ta yi ƙyalli, Baffa ya sa yatsa ya dangwala ya nuna masa, ya ce nan da jibi duk ƙasar unguwar nan za ta manne a wurin. Mutumin bai sake tsayawa ba sai ranar ta'aziyya. Baffa ba shi da dabarar faɗar gaskiya a hankali. Wannan halin ne ya raba shi da babban ɗansa shekara da shekaru.

Yaya, babban ɗan nasa, bas yake ja ta haya a hanyar Miga. A lokacin ina gidan, ban yi aure ba. Wata rana ya dawo bayan la'asar ya tsayar da bas ɗin a ƙofar gida, ya shiga da sauri ya fito da bokiti. Bai saba ba. Kafin ya watsa ruwan Baffa ya riga ya tsuguna a gaban motar. Bambar ta tsage ta gefe ɗaya. Baffa ya sa yatsu biyu cikin ragar ya zaro wani abu ya ɗaga shi sama.

"Me ka buge?"

"Rami na faɗa, Baffa."

"Rami mai gashi?"

Ina tsaye a zaure da tire a hannu, na kasa gaba na kasa baya. Can Yaya ya ce maraƙi ne, ya faɗo titi daga cikin gero, ba yadda zai yi. Ya ce ya so ya tsaya, fasinjoji suka yi ca a kansa, suka ce in masu shi suka fito da sanduna ba wanda zai tsira.

"Ya mutu?"

"Ban sani ba."

"Ba ka sani ba," in ji Baffa. Ya miƙe ya karɓe bokitin daga hannunsa, ya juye ruwan a gindin darbejiya. "Ba za a wanke ta ba."

Da gari ya waye Yaya ya sulale ya tafi tasha. Baffa ya bi shi. Waɗanda suke wurin sun ba mu labari: ya je ya buɗe gaban bas ɗin ya zauna, ana cikin lodi, ya ce wa fasinjoji su yi haƙuri su nemi wata, wannan tana da unguwa. Ya faɗi dalilin a gaban kowa, da ƙarfi, har da zancen ramin. Suka tafi su biyu suna tambaya ruga ruga. Maraƙin ya karye, an yanka shi tun jiya. Na wata tsohuwa ne, wanda ɗanta ya bar mata. Baffa ya zauna a ƙasa ya yi mata magana da Fillanci, Yaya na tsaye a rana ba ya jin abin da ake cewa. Yadda suka ƙare ban sani ba, Baffa bai taɓa faɗa ba. Na dai san ragon da yake turkawa don layya ya bar gidan a makon nan, kuma a shekarar ba mu yi yanka ba.

Tsohuwar ta yafe. Yaya ne bai yafe ba. 'Yan tasha suka laƙaba masa Rami Mai Gashi, sunan ya bi shi har wajen neman aure. Ya bar gidan ya kama haya a wata unguwa. Bai yanke zumunci ba, yana zuwa gaisuwa ranar Juma'a, amma sai ya ajiye motarsa a bayan masallaci ya tako da ƙafa, ya durƙusa, ya gaishe shi, ya tashi. Bai sake bari Baffa ya ga gaban motarsa ba.

Inna ta sha faɗa masa. "Malam, abin da ka yi daidai ne, amma da ka kira shi ɗaki. Ɗa ne fa, ba ɓarawo ba."

"A titi ya yi, a titi zai ji."

"To ai ga shi ya ji, har ya ƙi dawowa."

Sai ya ƙara muryar rediyo. Ni a ganina Inna ta fi shi gaskiya, kuma ina jin shi ma ya sani. Ranar Juma'a, da zarar ya dawo daga masallaci, yakan gyara zama a benci ya bar wuri a gefensa. Yaya bai taɓa zama a wurin ba.

Ni kuma wata fuskar tasa na gani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara ƙanana, ya bar wata tsohuwar mota ƙarama a tsakar gida, gabanta na kallon tagar ɗakina. Ina takaba, duk lokacin da na ɗaga labule ita nake gani. Ƙasa ta rufe ta, kaji suna hawa, gizo-gizo ya yi saƙa a ragar. Na roƙa a rufe ta da tamfol don kada in riƙa ganinta.

Baffa ya zo wata safiya a adaidaita da bokitai biyu. Bai shigo ya yi mini wa'azin haƙuri ba, masu yi sun yi. Ya yaye tamfol ɗin ya naɗe, ya wanke motar, ya daɗe a gabanta, ya tayar da injin ya bar shi ya ɗan yi aiki, ya leƙo ya ce, "Uwata, na tafi." Haka ya riƙa yi duk mako har na fita takaba. Da aka raba gado motar ta faɗo a rabona da na yara. Dangin maigidana suka ce a sayar, mace da marayu me za ta yi da mota. Baffa ya ce a bar ta. Ya ce ma'aikatarmu da nisa, makarantar yara da nisa, kuma shi yana da rai.

Na ɗauka tuƙi zai fara koya mini. Sai ya miƙo mini tsumma.

"Baffa, ai akwai masu wanki a bakin titi."

"Akwai. Ki kai musu in kin gaji. Amma wadda ba ta taɓa tsugunawa a gaban motarta ba, ba za ta san ranar da wani abu ya kwance ba. Taɓa nan."

Na taɓa bonet. Da sanyi.

"To haka ake so. Ba a wanke ta da zafinta, ba a wanke ta a tsakiyar rana. Sabulu zai bushe kafin ki ɗauraye, ya bar miki zane."

Ya sa na fara watsa ruwa zalla, daga sama zuwa ƙasa, sai da yashin ya sauka. Ya ce duk wanda ya sa tsumma a kan busasshiyar ƙasa, da hannunsa yake kankare fentinsa. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, kada dattin da na kwaso ya koma. Na ɗauko garin sabulun da nake wanki da shi, ya karɓe ya ajiye a kan katanga. Ya ce wannan na tufafi ne, yana cinye maiƙon fenti, yana mayar da baƙar roba fara kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Ya fito da wani na ruwa a 'yar gora, na mota, ya ɗiga kaɗan.

Damina ce, ƙwarin shinge sun yi ta fashewa a jikin bambar sun bushe. Na sa farce zan kankare.

"A'a, Uwata. Jiƙa tukuna."

Ya tsoma tsumma ya shimfiɗa a wurin, ya ce mu bar shi ya sha. Muka zauna a kan dakali muna jira. A cikin wannan jiran ne na ce masa ban san yadda zan yi da yaran nan ba. Ban shirya faɗa ba, fita ta yi. Bai dube ni ba. Ya ce shi ma ranar da ya bar ruga bai san yadda zai yi ba, kuma har yanzu bai sani ba, gari ne dai ke wayewa. Sannan ya tashi ya ɗaga tsumman, ya shafa sau ɗaya, ƙwarin suka biyo shi.

Ragar ita ce ta fi cin lokaci. Yana da wani tsohon buroshin haƙori a aljihun gaba, inda wasu ke sa biro. Da shi ya nuna mini yadda ake bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, a zaro ƙaiƙayi da fukafukan fara da guntun leda. Ya ce in leƙa ciki. Na ga wasu siraran ƙarafa a jere kamar haƙoran mataji.

"Lagireto ke nan. In hancin nan ya toshe, ita ce ke shan wahala, sai ki ga mota ta yi zafi a tsakiyar daji. In kin kai wa masu injin feshi, ki tsaya a kansu. Kada su manna bakin ruwan a nan, zai lanƙwashe su. Su tsaya daga nesa."

Bayan mun ɗauraye ya sa na tsane ta da busasshen tsumma mai laushi, har ƙarƙashin lamba. Sannan ya shafa wa wurin fentin kakin goge mota, siriri, ya bari ya yi fari ya goge. Ya ce wannan shi ne rigarta, in da shi ƙwaro ba ya kamawa sosai, rana ma ba ta ci da wuri. Robar kuma akwai nata man daban. Ya ce in na dawo daga doguwar tafiya kada in bar ƙwari su kwana biyu a wurin, cikinsu yana da tsami, yana cin fenti. Ya ce in na zo ajiye ta in tsaya nesa da dakali da bakin kwata, don haɓa ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinta.

Sai bayan haka ya koya mini tuƙi, a wani fili a bayan duwatsu. A nan ma bai da sauƙi. Ya sa ni kuka sau da yawa. Amma ranar da na fara kai yara makaranta da kaina, na hango shi a bakin titi a tsaye da sandarsa, wai ya fito sayen goro. Ba a sayar da goro a wurin.

Ciwon ya fara masa da damina. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Aka tura mu wani asibiti a Kano, ni na riƙa kai shi ina dawo da shi. Yaya yana biyo mu a tasa motar, ya yi ta zirga-zirgar magani da neman jini, ya kwana a baranda, amma in ya shiga ɗakin sai gaisuwa. A zuwanmu na ƙarshe likita ya kira mu gefe ya ce mu kai shi gida ya huta. Mun gane.

Muka taso da rana. Kaka ce, ana ta yankan gero, fara ta cika hanya, ina jin ƙarar fashewarsu a gaban motar har muka iso. Da muka tsaya a ƙofar gida za a shigar da shi, ya ce a'a, a ɗora shi a benci ya sha iska. Aka sa masa matashi aka jingina shi da bango. Ya zauna yana numfashi da baki, idonsa a kan motata. Na san abin da yake kallo. Na ce, "Baffa, gobe zan wanke."

Yaya ya iso, kuma a wannan karon a ƙofar gidan ya tsaya, bayan tawa, ina jin don gajiya. Ya dubi mahaifinsa, ya dubi inda yake kallo. Ya shiga gida. Sai ga shi da bokitai biyu. Ya naɗe hannun riga, mutum mai furfura a gemu, ya taɓa bonet ɗin motata ya ji da zafi, ya tsuguna yana jira ya huce. Da ya huce ya watsa ruwa, ya ɗauki tsumma zai goge.

"Jiƙa tukuna," in ji Baffa. Da ƙyar muryar ta fito.

"To, Baffa."

Ya shimfiɗa tsumman. Baffa ya laluba aljihunsa na gaba, babu komai, rigar asibiti ce. Inna da ke tsaye a zaure ta koma ciki ta ɗauko buroshin ta miƙa wa Yaya. Ya bi ragar rami rami, Baffa na nuna masa da haɓa inda ya tsallake. Da ya gama ya zo ya zauna a bencin, a gefensa, hannuwansa na ɗigar da ruwa. Ban ji sun ce wa juna komai ba. Ba zan ƙara abin da ban ji ba.

Da zan tafi gida na durƙusa na yi masa sallama. Ya riƙe hannuna ya daɗe. Na ɗauka wasiyya zai yi, a kan yara, ko a kan Inna, ko ya ce in yafe masa kamar yadda tsofaffi ke yi. Na matsa kusa don kada wata kalma ta wuce ni.

"Uwata."

"Na'am, Baffa."

"A ofishinku, ki daina ajiye ta a gindin bishiyar nan ta bakin ƙofa. Balbelu ke kwana a kai. Kashinsu ya fi ƙwari ci."

Na ce to. Ya saki hannuna. Na tashi na karkaɗe zanena na shiga mota. Washegari aiki ya riƙe ni, na ce jibi zan leƙo da yara. Jibin ne aka kira ni.

Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe, kuma na juya ta ta kowace fuska ban samu wani abu a ƙarƙashinta ba. Balbelu yake nufi. Na canza wurin ajiye motar.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya saka masa da abin da ya yi wa marayu. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba Inna haƙurin zama a gidan. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.